Kofin ƙwallon raga na maza na Afirka: me ya sa yake ta kai komo tsakanin Tunis da Alƙahira?

Tun 1967 ake buga gasar ƙwallon raga ta maza ta ƙasashen Afirka, kuma zuwa wadda aka yi a Alƙahira a 2023 an buga ta sau 24 kenan, amma in ka tambaya ƙasashe nawa ne suka taɓa ɗaga kofin nan, huɗu ne rak. Tunisiya sau 11, Masar sau 9, Aljeriya sau 2, Kamaru sau 2. Shikenan. Nahiya guda mai ƙasashe 54, fiye da shekara hamsin ana abu ɗaya, ƙasa biyu sun kwashe 20 cikin 24, wallahi abun yana damuna duk sanda na duba, saboda wasa ne da ake yi a makarantun sakandare da barikin soja da na 'yan sanda da filayen unguwa a ko'ina a ƙasashenmu, ba wai baƙon wasa bane da za'a ce bamu san shi ba.

Abun da mutane suka fi saurin faɗa shine ai mutanen Afirka ta Arewa dogaye ne, sun fi mu jiki. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ragar maza tsayinta mita 2.43 ne, kuma in dai tsayi da tsalle ne ake nema to ka je Sudan ta Kudu ko Senegal ko ma ka zagaya Kano da Maiduguri da Damagaram kaga samari da za su leƙa saman ragar nan ba tare da sun wani wahala ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba. In ka bi tarihin gasar daga farko za ka ga labari ne na waye yake da ɗakin wasa, waye yake da kulob mai biyan albashi, waye kuma yake iya karɓar baƙi ya shirya gasar a gidansa.

Mu koma baya kaɗan. Wasan kanshi a Amurka aka ƙirƙiro shi a 1895, wani malamin motsa jiki William Morgan a garin Holyoke. Da aka zo kafa hukumar wasan ta duniya FIVB a Paris a 1947, ƙasashe 14 ne suka kafa ta kuma Masar na cikinsu, lokacin da Najeriya da Nijar da Kamaru da kusan duk sauranmu muna hannun Turawan mulkin mallaka. Kaga tun daga nan an riga an bamu rata. Tunisiya kuma ta samu 'yanci a 1956, a 1967 ta karɓi wasannin ƙasashen tekun Bahar Rum, kuma saboda su aka gina rukunin filayen El Menzah a Tunis harda babban ɗakin wasa mai rufi. A wannan shekarar dai aka buga gasar Afirka ta farko a Tunis ɗin, masu gida suka cinye, Aljeriya ta zo ta biyu, Gini ta uku. Ita kanta hukumar ƙwallon raga ta Afirka, CAVB, sai a 1972 ta tsaya da ƙafarta, ita ce auta a cikin hukumomin nahiyoyi guda biyar, wato an yi gasa har biyu kafin ma a samu uwar da za ta riƙe ta yadda ya kamata.

Shi yasa shekarun farko ba wani tsari. An yi 1967, sai 1971, sai 1976, sai 1979, 1983, 1987, wani lokaci shekara uku wani lokaci biyar, sai daga 1987 ne abun ya daidaita ya koma duk shekara biyu. A waɗannan guda shida na farko Tunisiya ta ɗauki huɗu Masar ta ɗauki biyu, kuma duka shidan a arewacin Sahara aka buga su, Tunis sau uku, Alƙahira, Tarabulus, Port Said. Madagaska ce ta ɗan leƙo ta samu matsayi na uku a 1971 da 1979, abun da yanzu kusan an manta da shi.

Toh wannan maganar ta wurin da ake buga gasar ita nake so mu tsaya a kai sosai, dan a ganina ita ce rabin labarin. Cikin 24 ɗin nan sau biyar kacal aka kawo gasar kudu da Sahara: Abijan a 1989, Legas a 1997, Fatakwal a 2001, Durban a 2007, sai Kigali a 2021. Sauran 19 duk a arewa ne, Masar ita kaɗai ta karɓa sau tara, Tunisiya sau shida. Yanzu ka duba kofunan Kamaru guda biyu, ina ta ɗauke su? Ɗaya a Abijan 1989, ɗaya a Fatakwal 2001. Duka biyun a wannan ɓangaren namu. Kuma a Fatakwal ɗin nan Najeriya ce ta zo ta biyu, Afirka ta Kudu ta uku, ba ƙasar arewa ko ɗaya a cikin ukun farko, kuma har yau wannan shine mafi girman abun da 'yan wasanmu maza suka taɓa samu a gasar. Aljeriya ma ɗaya daga cikin nata biyun, na 1993, a gida ta ɗauka bayan ta ci na 1991 a Alƙahira.

Wani zai ce ai ko a ƙwallon ƙafa mai masauki yana da ɗan tagomashi. Haka ne, amma a nan abun ya wuce ihun 'yan kallo. Tawagar ƙwallon raga mutum 12 zuwa 14 ne banda koci da mataimaka da likita, kuma hukumomin wasan a ƙasashenmu basu da kuɗin da hukumar ƙwallon ƙafa take da shi, ma'aikatar wasanni suke jira ta saki kuɗin jirgi da na otal. In gasar tana Alƙahira to ɗan Masar daga gidansa zai tafi sansani, ya yi makonni yana atisaye a ɗakin da za'a buga wasan, ya saba da fitilun wurin da tsayin rufin, shi kuwa wanda zai taso daga Yamai ko Abuja ko Injamena sau da yawa har ana saura 'yan kwanaki bai tabbatar zai tafi ba, in kuɗin bai fito ba sai kawai ka ji ƙasa kaza ta janye. Kuma dalilin da yasa arewa ke yawan karɓar gasar ba wai son kai bane kawai, su ne suke da wurin. Alƙahira tana da rukunin ɗakunan wasa da aka gina dan wasannin Afirka na 1991, hedikwatar CAVB ɗin ma shekaru da dama a Alƙahira take ƙarƙashin shugabancin Amr Elwani ɗan Masar, kafin a zaɓi Bouchra Hajij 'yar Maroko a 2020, mace ta farko da ta riƙe kujerar, ofishin ya koma Rabat. Har yanzu dai arewa.

Maganar ɗakin wasa kuwa sai wanda ya taɓa tsayawa kusa da fili zai gane nauyinta. Filin mita 18 ne da 9, mutum shida kowane gefe, taɓawa uku kawai ake da ita kafin ƙwallo ta tsallake. Ta farko ita ce komai. Abokin gaba ya yi tsalle ya maka sabis, ƙwallo ta taho da gudun da zai iya haura kilomita 100 a awa, kai kuma dole ka haɗe hannuwanka ka tare ta da damatsa, ka kashe mata ƙarfi, ka ajiye ta daidai saman kan mai ɗagawa kusa da raga. In ta je masa daidai yana da zaɓi uku ko huɗu, zai iya ba na tsakiya gajeruwa mai sauri, zai iya jefawa gefe, zai iya turawa baya, masu tarewa a ɗaya gefen su rasa wa za su bi. In kuwa ta kauce da mita biyu to zaɓinsa ya koma ɗaya, kowa a ɗakin ya san inda ƙwallon za ta, sai ka tarar mutum biyu ko uku sun riga sun miƙa hannuwa sun rufe maka sama, komai tsallenka a hannunsu za ka doka. Wannan karɓar ta farko ba ƙarfi bane, maimaici ne na shekaru tun kana yaro, kuma tana buƙatar ka saba da zubewa ƙasa da ƙirji ba tare da tunanin komai ba. Yaron da ya taso a kan siminti ko kwalta a waje jikinsa ya riga ya koyi tsoron faɗuwa, dan ya san gwiwa da haɓa za su ɗaye, ga iska tana kaɗa ƙwallo ga rana a ido. Wanda ya taso a daɓen roba na cikin ɗaki kuwa sulalewa kawai yake ya miƙe. Idan ka kalli wasa tsakanin Tunisiya da wata ƙasa daga yankinmu, sau da yawa namu sun fi tsalle sun fi duka da ƙarfi, amma a karɓar sabis da ƙananan kurakurai ake barinsu.

Sauyin dokokin da aka yi ƙarshen shekarun 1990 ya ƙara fito da wannan fili. Da can sai mai sabis ne kaɗai ke cin maki, set, wato kowane zango na wasan, yana ƙarewa a maki 15, in ka yi kuskure lokacin da kai ke sabis hannu kawai ka rasa. Daga 1999 aka koma kowace ƙwallo maki ce, set ya koma 25, na biyar 15, kuma a 1998 aka shigo da libero, wannan mai riga daban da aikinsa kawai karɓa da tsaron baya. Tun daga nan duk sabis ɗin da ka jefa raga kyauta ce ka ba abokin gaba nan take. Ƙungiyar da ta fi nutsuwa da horo ita tsarin ya fi yi wa daɗi.

Sai kuma kulob, wanda a nan ne ake dafa ɗan wasa. A Masar Al Ahly da Zamalek da muka sani a ƙwallon ƙafa ba ƙwallon ƙafa kaɗai suke yi ba, suna da ɓangaren ƙwallon raga da na kwando da na hannu, da yara 'yan ƙasa da shekara goma sha, da koci-koci masu albashi, kuma adawar nan tasu ta shiga har cikin ɗakin wasa, magoya baya suna cika wuri. Haka a Tunisiya, Espérance da Sfaxien da Étoile du Sahel. Gasar kulob-kulob ta Afirka da aka fara a 1980 Al Ahly ce ta fi kowa ɗauka, kuma kusan kullum tsakanin kulob ɗin Masar da na Tunisiya take ƙarewa. Ga su kuma da ƙarin wasanni da mu bamu da su, gasar ƙasashen Larabawa, wasannin Bahar Rum inda suke haɗuwa da irin su Italiya da Faransa da Sabiya, ga Turai a bakin ƙofa, jirgin awa ɗaya da 'yan mintuna ya kai ɗan Tunis Roma. A wajenmu kuwa ƙungiyoyin da suke riƙe da gasar cikin gida yawanci na hukumomin gwamnati ne, kwastan, sibil difens, 'yan sanda, gandurobobi, sai na wasu jihohi. Ni ina ganin girman abun da suke yi dan ba dan su ba da wasan ya daɗe da mutuwa, ɗan wasa ya samu aiki da albashi har da fansho, amma gasar da ake tara kowa a gari ɗaya a buga cikin 'yan kwanaki a watse ba za ta yi daidai da wadda ake bugawa mako-mako wata da watanni ba.

Wannan ne ya haifar da zamanin Masar. Bayan Tunisiya ta ci 1995 da 1997 da 1999 ta ƙara da 2003, sai Masar ta karɓe daga 2005, ta riƙe har 2015, sau shida a jere, a Alƙahira, Durban, Tetouan, Tanja, Sousse, ta dawo Alƙahira. Na Sousse a 2013 ya fi ciwo wa 'yan Tunisiya tunda a gidansu aka bi su aka ɗauke. Zamanin su Ahmed Salah kenan, bahagon nan na Al Ahly mai dukan da ba'a tarewa cikin sauƙi, da mai ɗagawa Abdalla Abdelsalam. Kuma a daidai wannan lokacin, daga 2006, Masar ta samu shiga World League, gasar ƙasashe da FIVB ke shiryawa duk shekara a lokacin, inda take karawa da manyan duniya, ana doke ta sosai amma tana dawowa Afirka da gogewar da ba wanda yake da ita. Dama a wancan lokacin mai kofin Afirka shi ake gayyata gasar kofin duniya da ake yi a Japan, toh kaga wanda ya ci shi ke samun manyan wasanni, wanda ya samu manyan wasanni shi ke sake ci, abun ya zama zobe.

Tunisiya ce ta fasa zoben a 2017, ita ma a gidan Masar ta rama, ƙarƙashin koci ɗan Italiya Antonio Giacobbe, ta ƙara a 2019 da 2021 da su Hamza Nagga da Ismail Moalla. Wassim Ben Tara ma daga baya har Perugia ta Italiya ya kai, ɗaya daga cikin manyan kulob na duniya.

Amma ni Kamaru ce ta fi ɗaukar hankalina a duk labarin nan, dan ita ce maƙwabciyarmu kuma yanayinta ya fi kama da namu, ba ta fi Najeriya kuɗi ba, ba ta kai ta yawan jama'a ba ko kusa. Duk da haka bayan kofunanta biyu ba ta ɓace ba, ta zo ta uku a 2003, 2005, 2007 da 2009, ta buga wasan ƙarshe a 2011, ta sake kaiwa a 2019 inda sai a set na biyar Tunisiya ta sha da ƙyar a gaban jama'arta, ta kuma kaiwa a 2021. A wasannin Afirka kuwa ta ɗauki zinare a Maputo 2011 da Rabat 2019. Ta je gasar duniya a 1990, sannan 2010, 2014, 2018, 2022 ba fashi, a ta 2010 a Italiya har zagaye na biyu ta shiga. Ya aka yi? Hanyarsu daban ce da ta Masar. Tunda gasar gida ba za ta iya riƙe manyan 'yan wasa ba sai suka buɗe musu ƙofar waje, musamman Faransa inda yare ba matsala bane, irin su Jean-Patrice Ndaki Mboulet da Nathan Wounembaina wanda ya buga wa Tours, su je su yi wata takwas suna atisaye kullum a ɗaki mai kyau da kuɗin wasu, su dawo su sa rigar ƙasa. A gida kuma akwai ƙungiyoyi irin FAP ta sojoji da 'yan sanda da ta tashar jiragen ruwan Duwala suna renon na baya, ga babban ɗakin wasa na Yawunde da China ta gina aka buɗe a 2009. Matansu ma sun ci kofin Afirka sau uku a jere, 2017, 2019, 2021, a fagen da Kenya ta saba mulki. Wato dai abun mai yiwuwa ne ba sai kana bakin Bahar Rum ba.

Akwai kuma wani ɓangare mai ɗaci da ya kamata a faɗa. Duk wannan sarautar ta cikin gida ce. Tun da aka sa wasan a Olamfik a Tokyo 1964, ƙasashen Afirka da suka wakilce mu a ɓangaren maza na cikin ɗaki su ne Tunisiya da ta fara a 1972, Masar da ta je Montreal a 1976 ta janye saboda ƙauracewar da Afirka ta yi kan wariyar launin fata, Libiya a Mosko 1980, Aljeriya a Basalona 1992, ba ƙasa ɗaya daga kudu da Sahara, har Kamarun. Kuma waɗanda suke zuwan ma wahala suke sha, Tunisiya ta yi rashin nasara a duka wasanninta biyar a Tokyo 2020, Masar a Paris 2024 ta faɗa rukunin Poland da Italiya da Brazil ta fito ba set ko ɗaya. Gasar Nations League da ta maye gurbin World League a 2018, zuwa 2025 ba ƙasar Afirka da ta shiga ta maza. A ganina rashin ƙarfin sauranmu har su yana cutarwa, dan wanda a gasar nahiyarsa wasa biyu ko uku ne kawai zai yi gumi, ranar da ya haɗu da Poland zai ji a jikinsa.

'Yan shekarun nan dai an fara ganin motsi. Ruwanda ta gina Kigali Arena mai ɗaukar mutum 10,000 a 2019, bayan shekara biyu ta karɓi gasar, ƙasashe 16 suka zo, harda Najeriya da Nijar da Mali da Burkina Faso da Sudan ta Kudu da Yuganda, wanda yake nuna in gasar ta matso kusa kuma akwai wurin kirki mutane za su fito. Kofin dai Tunisiya ya koma. A 2023 kuma abun mamaki ya faru a cikin arewan kanta, Tunisiya mai riƙe da kofi ko wasan kusa da na ƙarshe ba ta kai ba, Masar ta doke Aljeriya a wasan ƙarshe, Libiya da ta sha yaƙi shekara da shekaru ta ture Kamaru ta ɗauki na uku. Wannan ya ba Masar da Aljeriya da Libiya gurbi a gasar duniya ta 2025 a Filifin wadda aka faɗaɗa zuwa ƙasashe 32, Tunisiya ta bi su ta hanyar matsayinta a jadawalin duniya har ta kai zagayen 'yan 16. Gurbi huɗu, dukansu arewa.

Najeriya kuwa matasanta 'yan ƙasa da 19 sun je gasar duniya a Tehran a 2021, yaran akwai su, abun tambaya shine ina suke zuwa bayan sun wuce shekarun nan. In da ni za'a tambaya, hanyar Kamaru ce ta fi kusa damu, a nemo wa fitattun cikinsu kulob a waje tun suna 19 ko 20, a shimfiɗa daɓen roba a ɗakunan da muke da su a Abuja da Legas da Kaduna da Kano a bar yara su riƙa shiga kullum ba sai ranar gasa ba, sannan a sake neman karɓar gasar nan da rabonmu da ita tun Fatakwal 2001. Yanzu ma nauyinta ya ƙaru, dan a sabon tsarin FIVB an mayar da gasannin nahiyoyi shekarun da ba'a buga gasar duniya, kuma wanda ya ɗauki kofin Afirka na 2026 kai tsaye zai wuce Olamfik na Los Angeles a 2028, ukun farko kuma su samu gurbin gasar duniya ta 2027.